Shekarar da Babanku Ya Koma Bencin Baya

Kowannenku ya ji wannan labari daga bakin wani, kuma har yau ban ji wanda ya kawo shi daidai ba. Wasu sun gaya muku babanku Dauda ya yi karatu har ya ƙaryata Maganar Allah. Wasu sun ce kakanku Yakubu ne bai taɓa son aurenmu ba, da ya samu dama sai ya huce haushinsa. Duka biyun ba haka ba ne. Ni na zauna a tsakaninsu shekarar nan, ɗaya mijina, ɗaya ubana, kuma tun da dukansu sun huta, ni kaɗai na rage da zan iya faɗa muku yadda aka yi. Saratu ta yi wayo a lokacin, za ta tuna wasu abubuwa. Ku sauran kuna ƙanana, auta ma ba a haife shi ba.

A Samaru muke zaune, cikin gidajen ma'aikatan jami'a. Babanku yana koyar da tarihin addini, ni ina koyarwa a firamare. Akwai majami'u kusa da mu, amma kowace Lahadi sai mu ɗauki hanya har Sabon Gari, don can ce ikilisiyar da aka yi mini baftisma, kuma Baba, wato kakanku, yana cikin dattawanta. Baba kafinta ne a Dogarawa. Da girmansa ya koyi karatu, yana bin layi da yatsa, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke riƙe Littafi Mai Tsarki da irin tsoron da yake riƙe shi ba. Sai ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa. Ni kuwa aikina a ikilisiya shi ne gurasar Jibin Ubangiji. Mama ce take yi tun muna yara, da idonta ya fara rauni sai aikin ya dawo hannuna. Ranar Asabar kafin jibi zan kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan mai, babu yisti, in gasa a kasko, in yanka ƙanana, in rufe da farin ƙyalle. Ina son aikin nan fiye da yadda zan iya gaya muku.

Ana gab da Ista Fasto ya roƙi babanku ya jagoranci nazarin Littafi na yammacin Laraba. Ya yi murna ƙwarai. Bai daɗe da gama wani dogon bincike a kan masu bi na farko ba, kuma kansa cike yake da abin da yake so mutanenmu su ji. Da farko babu abin tayar da hankali a cikin maganarsa. Ya ce mu tuna mutanen nan ba su da littafi a hannu kamar mu, sun yi shekaru babu Bishara ko ɗaya a rubuce. Abin da suke da shi taruwa ce a gidan wani a ranar farko ta mako. A kawo gurasa, a kawo ƙoƙo, sai wanda ya gani da idonsa, ko wanda ya ji daga wanda ya gani, ya ba da labarin cin abincin ƙarshe na Ubangiji da almajiransa, sannan a gutsuttsura a ci. Mako ya zagayo a sake. Ya ce ta haka labarin ya zauna a bakin mutane har aka zo aka rubuta shi. Na duba fuskoki na ga tsofaffin mata suna gyaɗa kai, don su ma da kunne suka fara karɓar bangaskiya. Sai ya sa aka buɗe wuraren da aka rubuta labarin, aka karanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan marubuci ya fara da gurasa sannan ƙoƙo. Wancan ya ambaci ƙoƙo tun kafin gurasa. Wani ya kawo umarnin a riƙa yi don tunawa, wani bai kawo ba. Wani ma bai kawo kalmomin gurasar ba sam, wanke ƙafafu ya ba da labari. Babanku ya ce wannan ba abin tsoro ba ne, kowace ikilisiya ta rubuta yadda take faɗa a teburinta.

Sai Malam Habila, wani dikon, wato mai hidima a ikilisiya, mai shagon taya, ya ɗaga hannu. Ba da mugunta ya yi tambayar ba, na san shi.

"Malam, to a cikinsu wanne ne ainihin abin da ya fito daga bakin Ubangiji?"

Babanku ya gyara tabarau.

"Kalma bayan kalma? Ban sani ba, Malam Habila. Ba na jin akwai wanda ya sani. Ai ba ma da harshen da aka rubuta ya yi maganar ba."

Na waiwaya wajen Baba. Ya rufe littafinsa a hankali, ya ɗora hannu biyu a kai, bai sake ɗaga ido ba har aka yi addu'ar rufewa. Babanku bai lura ba. A hanyar gida muna kan babur yana ta magana, yana cewa nazarin ya yi kyau, ni kuwa ina riƙe da rigarsa ina tunanin Baba.

Kafin Lahadi maganar ta zaga Sabon Gari, kuma ta sake kama a hanya. Na je sayen fulawa a kasuwa wata ta tare ni ta ce wai gaskiya ne mijina ya ce ƙirƙirar labarin jibi aka yi? Dattawa suka kira shi. Abin da suka nema bai yi musu kama da babban abu ba: ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, kowace kalma da ke rubuce haka ta fito daga bakin Ubangiji. Ya ce zai ba da haƙuri in ya ruɗa wani, zai sake bayani a hankali, amma ba zai ce ya san abin da bai sani ba. Aka ba shi lokaci ya yi tunani.

A cikin lokacin nan Baba ya zo Samaru da rana tsaka, abin da bai saba ba. Na kawo ruwa ya sha, na kawo tuwo ya ce a ƙoshe yake. Suka zauna a falo, ni ina bakin ƙofar kicin ina jin komai. Baba bai ɗaga murya ba.

"Dauda, ni ban yi karatunka ba, ba zan yi gardama da kai a kan harsuna ba. Amma ka san mutanen da ka yi wa magana? Ranar da na ƙi yanka wa tsafin gidanmu kaza, ubana ya fitar da tabarmata waje. Har ya mutu ban sake cin abinci a kwanonsa ba. Matar da ke zama kusa da taga, 'yan'uwanta sun ƙwace mata gona. Me muke da shi? Littafin nan. Shi muka riƙe da aka kore mu. Sai kai da muke alfahari da kai ka tsaya ka ce mana ba ka sani ba?"

"Baba, ban taɓa littafin ba. Abin da ke ciki na nuna."

"Ka nuna wa mai ƙarfi, ka nuna wa marar ƙarfi. Habila bai yi barci ba tun ranar. Ka faɗi kalma biyu a wuce wurin."

"In na faɗa, ƙarya na yi a gaban teburin Ubangiji."

Baba ya tashi ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya dube ni ya ce, "Rahila, ki yi wa mijinki magana." Na raka shi har tasha.

Na yi wa babanku maganar. Na yi da lallashi, na yi da kuka, na yi da fushi. Bai motsa ba. Bayan Ista aka sanar da hukunci, kuma tun da Baba ne babba a cikin dattawa, shi aka ba ya faɗa. Ya tsaya a gaba ya ce an sa ɗan'uwa Dauda a horo har sai ya tuba. Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma na ga yadda ya dafa tebur. Ku da kuka taso a wani zamani ba lalle ku san nauyin wannan ba. Wanda ke horo ba ya cin jibi, ba ya koyarwa, ba ya addu'a a gaban jama'a, kuma a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, inda kowa zai gan shi in ya shigo. Yawanci masu zina ko masu shan giya ake kai wa can. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, wanda ya mutu a horo ba a shigar da gawarsa majami'a. Addu'a kawai ake yi a bakin kabari. Na ɗauka babanku zai daina zuwa, ko ya ce mu koma wata ikilisiya a Samaru, abokansa ma sun ba shi wannan shawara. Ya ce a'a, nan ne gidansa. Lahadi ta gaba ya sa babbar rigarsa ya je ya zauna a bencin baya.

Daga nan tsoro ya shige ni bai fita ba. Damina ta sauka, hanyar Samaru ta yi santsi, manyan motoci suna wucewa kamar ba su ga mutane ba, shi kuwa kullum yana kan babur. In ya yi latti kaɗan sai in kasa zama, in fita bakin get in tsaya, kowace ƙarar inji in ce shi ne. A aji ina rubutu a allo sai in ga hoton akwati a waje, ƙofar majami'a a rufe, ubana a tsaye a gabanta. Na rame har shugabar makarantarmu ta tambaye ni ko ciki ne da ni. Saratu ta dawo daga makarantar Lahadi wata rana ta tsaya a gabana ta ce, "Mama, wai Baba zai shiga wuta?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce yara ne. Na ce ƙarya suke yi, amma da ta fita na zauna a ƙasa, don ni kaina ban san amsar da zuciyata ta yarda da ita ba. Wannan ne babban tsoron, ya fi na hanya. Ina kwana da mutum ina tashi da shi, ban san ko yana nan cikin bangaskiya ko ya fita ba, kuma ina jin tsoron tambaya.

Jibi na farko bayan hukuncin, na gasa gurasa kamar kullum, na zauna a wurina cikin matan zumunta, tire ya zo na ɗauka. Na tauna na tauna ta ƙi wucewa. Ina jin idon babanku a bayan wuyana ko da yake na san kansa a sunkuye yake. Na je Dogarawa na gaya wa Mama. Tana tsince shinkafa da yatsa don ba ta gani sosai, ta ce:

"Ki ci jibinki, 'yar nan. Rigimar maza ce. Ke ba ki yi laifi ba, kada ki sa kanki."

Asabar kafin jibi na gaba, da la'asar, ina kwaɓa fulawa babanku ya shigo kicin neman ruwa. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta.

"Baban Saratu, zan tambaye ka abu ɗaya, don Allah kada ka yi mini lacca. Ka ba da gaskiya ko ba ka ba da ba?"

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana kallon hannuna cikin kwaɓin.

"Na ba da gaskiya ya ɗauki gurasa ya ba su. Na ba da gaskiya ya mutu ya tashi. Ban taɓa barin wannan ba, Rahila."

Na fara sakin numfashi, sai ya ci gaba.

"Amma ba zan ɓoye miki ba. Tun da aka mayar da ni baya, akwai ranakun da nake addu'a in ji kamar ni kaɗai ne a ɗakin. Da can ina zuwa teburin in ci in ji na tsaya da ƙafata. Yanzu kallo nake yi. Ban san iya lokacin da mutum zai iya yi yana kallo ba."

Ya ɗauki ruwansa ya fita. Ban samu kwanciyar hankalin da na nema ba. Abin da na gane shi ne, mijina bai fita ba, amma yana bakin ƙofa shi kaɗai, kuma kowane wata ana ƙara tura shi.

Washegari na kai gurasar da wuri, na jera a tebur, na rufe da ƙyallen. Na zauna a wurina har aka gama wa'azi. Da Fasto ya sauko ya tsaya a bayan tebur aka fara waƙar jibi, sai na ga na tashi. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma tabbata na yi da kaina ba. Na bi tsakiyar majami'a zuwa baya, mutane suna juyowa. Na zauna kusa da babanku.

"Koma wurinki," ya ce a hankali. "Rahila, don Allah koma."

Na gyara zama. Dattawa suka ɗauki tire suka fara rabawa layi layi, kuma ɓangarenmu a hannun Baba ya faɗo. Ina kallonsa yana matsowa, benci bayan benci. Ya iso layin ƙarshe. Ni ba a horo nake ba, dole ya miƙo mini. Ya miƙo tiren ta gaban babanku, gurasar da na gasa da hannuna tana kai. Na bar hannuwana a cinya.

"Rahila," ya ce.

Na girgiza kai. Ya tsaya, waƙa tana tafiya, tiren yana hannunsa. Ban taɓa ƙin karɓar wani abu daga hannun ubana ba sai ranar. Ya janye, ya juya, ya koma gaba a hankali kamar wanda ya ɗauki kaya mai nauyi.

Kada ku ɗauka na yi haka ne don na gane babanku ne mai gaskiya. Har yau in na tuna maganar da Baba ya yi a falonmu, ina ganin akwai gaskiya a cikinta. Na dai kasa ci ina barin mijina a baya, shi ke nan. Abin kuwa ya jawo mini hasara mai yawa. Cikin makon Hanatu, shugabar zumuntar mata, ta zo har gida da kunya a fuskarta ta ce dattawa sun ce wadda ba ta ci ba ba za ta gasa ba. Na naɗe farin ƙyallen na ba ta. Matan da muka yi shekaru muna waƙa tare suka koma gaisuwa daga nesa. Saratu tana ajin baftisma, ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, kuma sai bayan shekaru ta yarda aka yi mata. Baba kuwa ya daina yi mini magana. In na je Dogarawa na durƙusa na gaishe shi a shago, sai ya amsa da "lafiya" ɗaya, ya ci gaba da goge katako. Haka muka ƙare damina, haka aka yi girbi. Yanzu tsorona ya zama biyu: kada mijina ya mutu a horo, kada ubana ya mutu yana fushi da ni.

Bayan girbi, tsoron nan na biyu ya kusa tabbata. Ina aji aka aiko cewa Baba ya faɗi a shago, an wuce da shi asibitin Shika. Na same shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Ƙannena maza ɗaya yana aikin soja a nesa, ɗaya yana Legas, Mama ba ta gani, kuma ɗakin maza ne, ana bukatar namiji mai ɗagawa da juyawa da wanka. Babanku bai jira a tambaye shi ba. Ya nemi abokin aikinsa ya riƙe masa azuzuwa, ya ɗauki tabarma da bokiti ya tare a Shika. Kwanakin farko Baba yana juya fuska bango in ya gan shi. Amma mutumin da ba ya iya juya kansa ba ya iya ƙin mai juya shi. Babanku yana ɗaga shi, yana goge shi, yana ba shi kunu da cokali. Ba sa hira. Ni ina zuwa kullum bayan makaranta da abinci, in tsaya a ƙofar ɗakin in leƙa gadon tukuna in ga ko ƙirjinsa yana motsi kafin in iya shiga.

Wata rana Baba ya nuna littafinsa da ke kan akwatin gefen gado. Ba ya iya riƙewa, idonsa ma ba ya bin layi. Babanku ya wanke hannu ya ɗauka. Baba ya yi ta ƙoƙari har kalmomin suka fito.

"Karanta. Kada... ka ƙara."

"To, Baba."

Haka ya riƙa karanta masa kowace yamma, bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba.

Da likitoci suka fara magana da mu a waje maimakon a gaban gado, Baba ya ce a kira Fasto ya kawo masa jibi. Fasto ya zo da rana da ƙaramar jaka. Babanku yana zaune a kan gado a bayan Baba, ya jingina shi a ƙirjinsa, don ma'aikatan jinya sun gargaɗe mu kada a ba shi komai a kwance, zai shaƙe. Fasto ya fitar da gurasa da ɗan kofi, sai ya tsaya yana duban babanku.

"Malam Dauda, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

Babanku ya fara zamewa. Na matso in karɓe shi, amma Baba mutum ne mai jiki, nan take ya fara sulalewa gefe. Sai ya yi wani sauti, ya kama hannun rigar babanku da hagunsa.

"Bar... shi."

Fasto ya buɗe littafi ya karanta, ya yi addu'a. Ya miƙa gurasar. Hannun Baba na dama ya mutu, na hagu da allurar ƙarin ruwa a jiki yana karkarwa, kuma busasshen abu ba ya wuce masa. Muka tsaya muna kallon juna. Babanku ne ya miƙa hannu ya karɓa. Na ga Fasto ya buɗe baki ya rufe. Babanku ya tsoma gurasar a cikin kofin har ta yi laushi, ya sa wa Baba a baki ta ɓangaren da ke aiki, ya tallafe haɓarsa har ya haɗiye, ya ɗiga masa sauran a hankali, ya goge abin da ya zubo da gefen rigarsa. Sai Fasto ya juyo gare ni da farantin. Ban ci ba tun ranar da na koma baya. Na dubi babanku.

"Ki ci da babanki," ya ce.

Na dubi Baba. Idonsa yana kaina, ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ya faɗa. Na ɗauka na ci ina kuka. Ya saki rigar babanku ya ɗora hannun a kaina, ya bar shi a wurin. Wannan ne kawai sulhun da muka yi, kuma ya ishe ni. Amma ina so ku sani, don kada wani ya ƙawata muku labarin: ba a miƙa wa babanku ba. Baba bai ce a ba shi ba, shi ma bai nema ba. Fasto ya rufe jakarsa ya tafi. Kakanku ya rasu bayan 'yan kwanaki, a hannun babanku, bai janye ko kalma ɗaya daga hukuncin ba. A jana'izar Baba, babanku yana cikin masu ɗaukar akwati har gaban majami'a, ya ajiye, ya koma bencinsa.

Sai bayan Ista ta gaba dattawa suka ɗage horon. Ba wanda ya sake neman ya janye maganarsa, shi ma bai janye ba. Ina jin labarin Shika ne ya zaga, ko kuma sun gaji. Fasto ya faɗa a cikin sanarwa, tsakanin maganar gyaran rufi da ta taron matasa, cewa an karɓi ɗan'uwa Dauda cikin zumunci. Daga baya an roƙe shi ya koma koyarwa ya ƙi. Ɗalibai suna zuwa daga nesa su saurare shi a Samaru har ya yi ritaya, amma bai sake buɗe baki ya koyar a cikin ikilisiya ba har ya bar duniya. Ya ce ya ga abin da bakinsa ya yi wa mutanen da yake ƙauna. Ni ma ban koma gasa gurasa ba.

Ranar da aka karɓe shi ranar jibi ce. Malam Habila, wanda ya zama dattijo a gurbin Baba, shi ya kawo tiren. Babanku ya ɗauka ya ci, ya sha, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Bayan sujada mutane suka yi ta ba shi hannu, yana amsawa da murmushi. Mun bar ku a gida ranar don Saratu tana zazzaɓi, mu biyu ne a kan babur. Mun wuce Kwangila kaɗan sai na ji babur ɗin yana rage gudu, ya gangara gefen titi ya kashe. Na ce lafiya, ko mai ne ya ƙare? Bai juyo ba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da na san shi ban taɓa ganin hawayensa ba, ko a Shika, ko a bakin kabari.

"Na so a ce Baba ne ya miƙo mini," ya ce.

Na zagaye shi da hannuwana daga baya na kwantar da kaina a bayansa, motoci suna wucewa suna yi mana ham, masu tallan rake suna kallonmu. Muka tsaya a wurin har ya iya ganin hanya. Sannan ya tayar da babur muka taho gida, don kuna jiranmu ba ku ci abincin rana ba.